Kafin katafila ta shiga kufai: kurakuran binciken kayan tarihi a aikin hanya

Shekarun baya, a wani aikin hanya da na bi a kudancin Damagaram, ina tsaye bakin ramin burji da hantsi sai direban katafila ya kashe inji ya diro. Bakin motar ya tsaga wata babbar tukunya da ke kife cikin ƙasa. Kewaye da ita ƙasar baƙa ce wuluk, gauraye da toka da gawayi, ga tsingaro birjik. Shugaban leburori ya dube ni ya ce, "Malam, taimaka ka kwashe a buhu, tifa bakwai ke jira." Na kwashe kuwa, har ina jin na yi abin kirki. Da yamma na wanke su tas da ruwan jarka, na jera a kan tabarma.

Bayan sati biyu wani masanin tonon kayan tarihi ya zo daga Yamai. Ya juya tsingaron a hannu, ya tambaye ni zurfin da tukunyar take, da abin da ke ƙarƙashinta, da inda na ajiye gawayin. Ko ɗaya ban iya amsawa ba. Muka koma wurin, muka tarar da rami ya kai tsayin mutum biyu, ƙasar kuwa tuni an shimfiɗa ta a kilomita huɗu an danne. Ya ce, "To, tukunya kam ka tsirar, amma labarinta ya bi tifa."

Abin da ya fi damuna daga baya shi ne, an yi wa wannan hanyar bincike kafin a fara, da rahoto da hatimi. Ramin burjin ne kawai ba ya cikin taswirar da aka bincika. Wannan shi ne kuskuren da na fi gani, kuma shi ya fi ɓarna, don haka da shi zan fara.

Masu bincike kan bi layin da kwalta za ta kwanta, su duba ƴan mitoci dama da hagu, su tafi. Alhali in tsohuwar hanya ake sabuntawa, irin ta Damagaram zuwa Tanut ko wadda ta yi Magarya, wannan layin an riga an tone shi tun aikin farko, abin da ya rage a ƙarƙashinsa kaɗan ne. Sabuwar ɓarna tana can gefe: ramukan burji, dutsen da za a fasa a yi tsakuwa, hanyar ratse da motoci za su bi kafin a gama, sansanin ma'aikata, filin jibge ƙasa, da tafkin da ake haƙa don ruwan aiki. Burji kuwa a kan tudu da fako ake samunsa, kuma nan ne mutanen zamanin da suke kafa gari don gudun ambaliya. A irin wannan marmara ne maƙeran zamanin da suke tsintar tama su narka. Wato inda ɗan kwangila ke hango burji mai kyau, sau da yawa nan kufai yake. Matsalar ita ce, sai bayan an sa hannu a kwangila yake zaɓen ramukansa, lokacin rahoton bincike ya daɗe a kabad. Gyaran ba shi da wuya: a rubuta cikin kwangila cewa ba za a buɗe rami, ko ratse, ko sansani ba sai mai bincike ya taka wurin da ƙafa ya sa hannu. Fili mai eka biyu ko uku, mutum uku za su gama taka shi kafin azahar.

Ƙanwar wannan ita ce makara. Tun hanya tana zane a kwamfuta, kauce wa maƙabarta da mita hamsin aikin yini ɗaya ne. In an riga an kafa turaku, an ƙirga gonaki, an biya diyya, an zana gada, babu injiniyan da zai saurare ka, kuma ban ga laifinsa ba. Doka mai lamba 2018-28 ta 14 ga Mayu 2018 ta wajabta nazarin tasirin manyan ayyuka a kan muhalli da jama'a, BNEE, hukumar ƙasa mai tantance tasirin ayyuka a kan muhalli, ita ce ke duba rahotannin. A nan ne ya kamata binciken kayan tarihi ya shiga, tun ana auna hanyoyi biyu ko uku da za a zaɓi ɗaya. Abin da aka saba gani shi ne rabin shafi a ƙarshen babi, wanda masanin itatuwa ko na ruwa ya rubuta, yana cewa ba a ga wurin tarihi a kan hanyar ba. Ka tambayi wa ya duba, yaushe, ta yaya, sai shiru. Rahoton da babu sunan masanin tonon tarihi a jikinsa, babu ranakun fita daji, babu taswirar inda aka taka, a mayar da shi. Masanan akwai su a IRSH, cibiyar binciken tarihi da zamantakewa ta Jami'ar Abdu Mumuni a Yamai, ga kuma malaman tarihi da ɗalibansu a Jami'ar André Salifou nan gida, waɗanda za su yi murnar samun aikin fili.

Sai yadda ake dubawar. Na ga ayarin da ya yi kilomita tamanin a yini ɗaya, gilashi a rufe, sanyi na kaɗawa, aka kira shi bincike. Hoton tauraron ɗan'adam yana da amfani, yakan nuna zoben tsohuwar ganuwa da ido ba ya gani daga ƙasa, amma tsingaro ba ya fitowa a hoto. Aikin na ƙafa ne. Mutane su jeru, tsakanin kowa da kowa kamar taku goma sha biyar zuwa ashirin, su tafi a hankali ido a ƙasa, duk abin da aka gani a ɗauki lambar wurinsa da na'urar GPS, a ɗauki hoto, a bar shi inda yake tukuna. Lokaci ma yana da nasa hukunci. Wanda ya fita a watan Agusta, gero ya kai kafaɗa, ciyawa ta rufe ko'ina, ya yi yawon banza. Bayan an cire amfanin gona, dabbobi sun cinye kara, shi ne lokacin. A arewa kuma, wajen Damargu, rairayi kan binne wuri yau ya tone shi baɗi, saboda haka rashin ganin komai a sama bai isa hujja ba. Inda ake zargi, a haƙa ƴan ramukan gwaji, mita ɗaya a mita ɗaya, ana saukowa sannu-sannu ana tankaɗe ƙasar. A leƙa bangon kwazazzabo da bakin tsohon kududdufi, can ruwa ya riga ya yanka ƙasar kyauta, za ka ga shimfiɗar toka kwance kamar layi.

Akwai kuma ƙarancin fahimtar abin da ake nema. Mu mutanen Damagaram in an ce tarihi, hankalinmu Birni yake tafiya: fadar Sarki, ragowar ganuwar da Tanimun ya gina a tsakiyar ƙarni na 19, gidajen zamanin da garin nan yake babban birnin Nijar kafin a mayar da shi Yamai a 1926. Waɗannan suna da masu tsaronsu, tun 2006 ma Birni da fadar suna cikin jerin wuraren da Nijar ta gabatar wa UNESCO, hukumar al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, don neman a sa su cikin wuraren tarihi na duniya. Babu katafilar da za ta doshe su ba a yi ihu ba. Wanda ba shi da mai magana shi ne tudun da ke bayan gona, mai kukoki uku da kashin maƙera baƙi mai ƙyalli warwatse a ƙasa. Shi ne jerin ramukan karofi da suka cike, da fasasshen dutsen niƙa, da gatarin aradu da yara ke tsinta, wanda a gaskiya gatarin dutse ne na mutanen da. A hanyar arewa akwai tarin duwatsu da aka jera bisa kaburbura tun kafin zuwan Musulunci, direban da bai sani ba gani yake an tara masa dutse kyauta. Kufan Kanawa, nan cikin jaharmu, wanda baka ke cewa daga can mutanen Kano suka tashi, wanda kuma masaniyar tonon tarihi Anne Haour ta yi tono a cikinsa, mai wucewa a mota zai ɗauka gonaki ne kawai. A duwatsun Termit an samu shaidar narkar ƙarfe tun ɗaruruwan shekaru kafin haihuwar Annabi Isa. Gobero, cikin Tenere, da masu neman ƙasusuwan dabbobin zamanin da suka ci karo da ita a 2000, kaburbura kusan 200 ne kwance a rairayi. Babu ɗaya cikinsu da ke da bango tsaye mai jan ido.

Tambayar mutanen gari ma ana yin ta, amma a karkace. A tara jama'a a ƙofar maigari, baƙo ya miƙe da takarda ya ce, "Ranka ya daɗe, akwai kayan tarihi a nan?" Amsa ɗaya ce: babu. Mutane na tsoron kada a fasa musu hanya, ko a ƙwace gona. Ka canza tambayar ka ga bambanci. "Baba, kafin garin ya dawo nan, ina yake?" "Ina ne garma ke yawan tono tsingaro?" "Wane wuri ne ba a nomawa, ko ba a saran itacensa?" Kuma ka bar dandali ka bi mutane inda suke: tsohuwa mai ginin tukwane za ta dubi tsingaro ta ce wannan zanen ba na kakanninmu ba ne, maƙeri ya san inda ake tonon tama, masu haƙar rijiya sun san abin da ke ƙasa kamu goma, Fulani da Buzaye makiyaya sun san kaburburan da ke bakin burtali, su kuwa ba a cika gayyatarsu taro ba. Tsamiya ko dutsen da har yanzu ake kai wa hura a ɓoye, babu mai faɗinsa a gaban liman. Sai ka keɓe da mutum, kuma ka riƙe amana: irin wannan wuri a gaya wa injiniya ya kauce, kada a buga lambarsa a rahoton da kowa zai karanta.

Duk iya binciken da aka yi, wani abu zai fito a bakin katafila. Doka mai lamba 97-022 ta 30 ga Yuni 1997 ta ce kayan tarihin da ke cikin ƙasa na gwamnati ne, tono sai da izini, wanda kuma ya ci karo da su ya sanar da hukuma. Bankin Duniya ma, a ayyukan da yake ba kuɗi, yana sharɗanta a rubuta matakan da za a bi in hakan ta faru. A takarda komai daidai. A fili kuwa, direban tifa da sawu ake biyansa, shugaban aiki da kwana ake cin tararsa, to wa zai tsayar da aiki don tukunya? Sai a tura ƙasa a rufe, kowa ya kama bakinsa. Maganin yana cikin kuɗi da lokaci: kwangila ta tanadi cewa kwanakin tsayawa don irin wannan ba a ɗora wa kamfani, direban da ya ba da labari ba ya rasa ladan yininsa, kuma a ƙayyade kwanakin da masani zai iso, kada a bar aiki a tsaye wata guda ana jiran mota daga Yamai. A tara direbobi da leburori tun ranar farko, da Hausa, a miƙa musu tsingaro da kashin maƙera su riƙe a hannu. Rabin awa ya isa.

In abu ya fito, a kashe inji, a ja igiya a kewaye wurin da tazara, injuna su koma wani ɓangare. Kada a ɗaga, kada a wanke, kada a tara wuri ɗaya kamar yadda na yi. Gawayin nan da na raina, da shi ake auna shekarun wuri a ɗakin gwaji, kuma sai an san shimfiɗar da ya fito yake da amfani. A ɗauki hoto da wani abin awo a gefe, a sanar da ofishin magajin gari da ofishin al'adu na jaha, a sa mai gadi da dare. Hoton kuma kada ya hau Facebook da sunan ƙauyen. Abin da ya sami Bura, wata tsohuwar maƙabarta can yammacin ƙasa, ya ishe mu: bayan tonon da masanin tarihi Bube Gado ya yi a 1983 ya fito da mutum-mutumin yumɓu, maharan kayan tarihi suka bi yankin suka yi masa ramuka kamar gidan gara.

In ƙasusuwan mutum ne, a rufe da zane tukuna, a kira jandarma don a tabbata ba sabon lamari ba ne. Kwanciyar kan ba da haske: mamaci a gefen dama yana fuskantar alƙibla, maƙabartar Musulmi ce, maganar ta koma hannun liman da dangi, kuma kaucewa ta fi tashin kabari ko da za a ƙara kuɗi. Wanda aka samu a dunƙule, ko cikin tukunya, ko da duwatsun wuya, masani ne zai tone shi, da mutunci iri ɗaya.

Ƙarshen aikin ma ana sakaci da shi. A yi tono mai kyau, a cika buhuna, kasafi ya ƙare, kaya su kwana shekaru a sito har gara ta cinye takardun da ke ɗaure a jikinsu. Buhun da lambarsa ta goge ya koma daidai da wancan buhun da na kwashe a bakin rami. Tun farko a ware kuɗin wankewa, da gwajin gawayi, da rubuta rahoto, da akwatunan ajiya, a kuma rubuta inda kayan za su zauna, gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai ko na jaha nan Damagaram. Lamba a rubuta ta sau biyu, ɗaya cikin leda, ɗaya a waje, da alƙalamin da ba ya gogewa. Kwafin rahoto ɗaya ya zauna a ofishin magajin gari, sannan a koma ƙauyen wata ranar da ba ta kasuwa ba, da hotuna, a zauna da tsofaffin da suka nuna wurin a gaya musu abin da aka samu da shekarun da gwaji ya bayar.