Yadda Jagoran Wasa Zai Ba Diragon Matsayin da Ya Dace da Shi a Wasan Labari na Tebur

Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a shekarar 1974, wasa ne da mutane huɗu ko biyar kan zauna a kewaye da tebur, kowa ya ɗauki jarumi guda yana magana da yawunsa, yayin da mutum ɗaya, wato jagoran wasa, yake riƙe da sauran duniyar baki ɗaya. Duk abin da baki bai warware ba, ana jefa ɗan lido ne ya yanke hukunci. Rabin sunan wasan na diragon ne, wato wannan ƙaton dodo mai jikin ƙadangare da fukafukai wanda yake fesa wuta daga bakinsa, amma duk da haka shi ne halittar da sababbin jagorori suka fi wulaƙantawa, domin sukan mayar da shi naman dawa da za a sara a kwashe dukiyarsa. Diragon mai mulki ne da yake da ƙasa da talakawa da maƙiya, kuma duk matakan da ke biye an gina su ne a kan wannan.

Ka fara da zaɓar irinsa, domin a wannan wasa launin diragon yana faɗin halinsa da mazauninsa. A bugu na biyar na shekarar 2014, masu launi guda biyar su ne miyagu. Ja yana zaune cikin duwatsu masu aman wuta, yana fesa wuta, kuma girman kai da kwaɗayi ne suka yi masa katutu. Shuɗi ɗan hamada ne mai fesa walƙiya, kore yana cikin kurmi yana hura iska mai guba, baƙi yana cikin fadama yana tofa ruwa mai zagwanyar da nama, fari kuwa yana ƙasar ƙanƙara yana busa sanyi mai daskarar da jini. Masu kamar ƙarfe, irin su na zinariya da na azurfa da na tagulla, galibi masu kirki ne, wasunsu ma sukan rikiɗa su zama mutane su zauna cikin gari ba tare da an gane su ba. Abin da ya fi muhimmanci a nan shi ne hankali. A ma'aunin wasan, talaka na yau da kullum yana da basira 10, babban jan diragon yana da 16, kore yana da 18, fari kuwa 8 kacal. Saboda haka idan kana son abokin gaba mai makirci wanda zai yi wa 'yan wasa romon baka har su yi masa aiki ba su sani ba, ka ɗauki kore. Fari ya fi dacewa da labarin farauta.

Bayan haka ka tsayar da shekarunsa. Wasan ya kasa rayuwar diragon gida huɗu: jariri har zuwa shekara 5, matashi daga 6 zuwa 100, babba daga 101 zuwa 800, sannan tsoho daga 801 zuwa sama. Wannan lissafi yana da amfani ta fuskar ƙarfi, domin a bugun 2014 wutar babban jan diragon ana jefa mata ɗan lido mai fuska shida har guda 18, abin da kan ba da ɓarna wajen 63, alhali mayaƙin da ke mataki na biyar ba kasafai yake wuce ƙarfin rai 45 ba (makin da ɓarna take ragewa har jarumi ya faɗi), wato fesawa ɗaya ta isa ta kayar da shi. Amma amfaninsa ta fuskar labari ya fi girma. Halittar da ta shekara 600 ta ga kafuwar garin da jaruman suka fito, ta san kakan kakan sarkinsu, kuma tana iya jiran shekara 30 kafin ta rama abin da aka yi mata. Ka sa wannan ya fito a maganarta: kada ta yi gaggawa, kada ta ɗaga murya, ta riƙa ambaton mutanen da suka daɗe da mutuwa kamar jiya ta rabu da su.

Mataki na gaba shi ne wanda na fi so jagora ya ɓata lokaci a kansa, wato ya sa a ji diragon tun kafin a gan shi. Dokokin bugun 2014 da kansu sun ba da ƙofa, domin sun ce inda babban jan diragon ya yi makwanci, ƙasa takan riƙa girgiza har nisan mil shida, ruwan da ke cikin mil guda kuma ya yi ɗumi ya ɗauki warin farar wuta. Ka ɗora a kan wannan. Bari jaruman su isa wani ƙauye su tarar kowane gida yana da garke amma nama ya yi tsada, domin ana ware shanu goma duk wata a kai bakin dutse. Bari su ga matan ƙauyen ba sa sanya 'yan kunnen zinariya, maƙeri kuma ya rage murya idan aka tambaye shi dalili. Bari a sami dagacin da yake kare diragon da gaske, saboda tun da dodon ya sauka a yankin babu ɗan fashin da ya sake tare hanya. Mai karatu Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan tsari, domin a labarin Bayajida macijin rijiyar Kusugu ta Daura ya zama abin tsoro ne saboda ya hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, kuma wannan ƙishirwa ta gari guda ita ce ta ba kashe shi daraja. Ka tambayi kanka abin da diragon ɗinka ya riƙe wanda mutane ba za su iya rayuwa ba tare da shi ba: hanyar fatake ce, ko kogi, ko ma'adini.

Ka ba shi bayi da 'yan kore, domin mai mulki ba ya zuwa karɓar haraji da kansa. Ka kuma rubuta abu ɗaya da yake so wanda ba tarin zinariya ba, ko ƙwansa da aka sace, ko wani abokin hamayya da yake son a raunana masa, ta yadda idan jaruman suka tsaya a gabansa za a sami abin ciniki.

Idan an zo faɗa, ka yi yaƙin da hankalinsa. Na taɓa sauke babban diragon a tsakiyar kogo mai ƙarancin rufi, jarumai biyar suka kewaye shi, kafin zagaye na huɗu (zagaye ɗaya shi ne kowa ya yi motsinsa sau ɗaya) diragon ya faɗi, kuma na ga yadda fuskokin 'yan wasan suka yi sanyi, domin sun yi wata biyu suna tsoron abin da bai kai ba. Kuskuren shi ne na hana shi tashi. Babban jan diragon yana tafiyar ƙafa 80 a sama cikin zagaye ɗaya, kusan ninki uku na tafiyar mutum a ƙasa, don haka ya kamata ya fesa wuta, ya yi sama, ya yi shawagi har wutar bakinsa ta dawo, wanda ke faruwa idan ɗan lido ya nuna biyar ko shida. Yana da ƙarin motsi uku da yake yi bayan 'yan wasa sun yi nasu, kuma sau uku a rana yana iya watsar da sihirin da ya kama shi. Idan a makwancinsa ake yi, kogon ma yana taya shi da girgiza da narkakken dutse. In ya ga jini ya yi yawa, ka bar shi ya gudu, domin wanda ya rayu shekara ɗaruruwa ba zai tsaya ya mutu saboda kunya ba, kuma diragon da ya tsere da tabon mashi a wuya zai ba ka labarin wata shida masu zuwa.

Kafin ranar faɗan, ka shirya abin da zai biyo bayan mutuwarsa. Ka rubuta abubuwa uku ko huɗu daga cikin taskarsa waɗanda suke da masu su: kambin wata masarauta da ta rushe, akwatin sadakin da bai isa gidan amarya ba, takobi mai sunan kakan ɗaya daga cikin jaruman. Ka lissafa nauyin dukiyar, domin a dokar wasan tsabar kuɗi 50 suna yin laba ɗaya, wanda ke nufin tsaba 50,000 sai an nemo alfadarai da masu gadi kafin a sauko da su daga dutse. Sannan ka yanke shawarar wanda zai fara jin labari: sarkin da zai ce dutsen a ƙasarsa yake, ko 'yan fashin da hanya ta buɗe musu, ko wani matashin diragon da ya daɗe yana jiran kogon ya zama kango.