Kafin ka ɗauki yaron shago

Assalamu alaikum 'yan uwa 'yan kasuwa. Masu neman yaron shago, don Allah a daina tsayawa kan "ai yaron kirki ne". Kalmar ta yi faɗi da yawa.

Masana halayyar ɗan Adam sun nuna cewa hali hawa-hawa ne. Hans Eysenck ya jera shi mataki 4: abin da mutum ya yi sau ɗaya, sai wanda ya saba yi, sai ɗabi'ar da ta tattaro ire-iren sabon nan, sannan babban rukuni a can sama. A 1992 kuma Costa da McCrae suka kasa manyan halaye 5, kowanne rassa 6, jimilla 30. Kula da aiki, ɗaya daga cikin manyan halayen nan, ya ƙunshi rassa irin su tsari, sauke nauyi, juriya da tunani kafin aikatawa, kuma ba lallai su taru wa mutum ɗaya daidai ba.

Na gani da idona a shagona na Ƙofar Kaura. Yaro ne mai amana, ko naira biyar ba ya taɓawa, amma littafin bashi a hargitse. Saura kaɗan in sallame shi, kuma da na zalunce shi. Sai na bar masa aljihun kuɗi, rubutun na ba wani.

Saboda haka in ka je wajen tsohon maigidan yaron da kake son ɗauka, fara tambaya daga matakin ƙasa, wato abin da ya yi da wanda ya saba yi. Ƙarfe nawa yake buɗe shago? In an aike shi Babbar Kasuwa, yakan dawo da canji daidai? In an ce yana makara, tambayi sau nawa a wata.