Goyo a ƙasar sanyi: shawara ga mai jego sabuwar zuwa Ingila

Babu mai koya wa Bahaushiya goyo, tun muna yara muke ɗaure ƙanne da zani da majanyi. Amma 'yar'uwa, idan kin sauka Ingila da jariri, ko a nan kika haihu, za ki ga yawancin iyaye a gaba suke goyo, cikin abin goyo mai igiyoyi da maɗauri. Dalilinsu numfashi ne.

Jaririn da wuyansa bai tsaya ba, idan kansa ya lanƙwashe haɓarsa ta dafe ƙirji, hanyar iska takan toshe, kuma ba lallai ya yi kuka ba. A 2010 an janye kusan miliyan ɗaya na wani abin goyo mai kamar jaka a Amurka bayan jarirai 3 sun rasu a ciki. Shi ya sa ma'aikatan lafiya a nan suke nanata ƙa'idar da suke kira TICKS: ɗaurin ya kama jiki sosai, fuskarsa tana inda kike ganinta, kansa kusa da bakinki har ki iya sumbatarsa, ki iya sa yatsa tsakanin haɓarsa da ƙirjinsa, bayansa kuma a tallafe. Ƙafafu a buɗe, gwiwoyi sun ɗan fi mazaunai tsayi, don kwankwaso ya zauna daidai. Wannan zama dama zaninmu yana ba da shi.

Inda na fi ganin 'yan'uwanmu na kuskure shi ne lulluɓi. A gida mukan sako hijabi ya rufe goyo saboda rana da ƙura. Nan kuma sanyi kan sa uwa ta ƙara zuge babbar rigar sanyi a kan yaron, ta shiga bas ko kanti mai ɗumi ba ta buɗe ba. Yaro ya jiƙe da zufa, fuskarsa a binne. Ki sa masa hula da safa, ki bar fuskar a waje, kina shiga gini ki sassauta. Jikinki ma ai bargo ne.

Goyon baya ki jinkirta shi sai wuya ya tsaya sosai, wajen wata 6. Idan bakwaini ne ko an haife shi ba nauyi, ki tambayi ma'aikaciyar lafiyar da ke zuwa duba ku a gida tukuna. Shayarwa kuwa, ki zauna ki fito da shi. Kada ki ba shi nono a cikin abin goyo kina ta aikace-aikace. A mota kujerar jarirai doka ce, goyo ba ya maye gurbinta.

Kafin ki zuba kuɗi, ki nemi wurin aron kayan goyo a garinku. Garuruwa da dama suna da shi, ki gwada kala-kala, a gyara miki ɗaurin a gabanki, ki tafi da wanda bai ci miki kafaɗa ba.