Shirya Kare Don Gasar Tsallake-Tsallake Karo Na Farko

A gasar tsallake-tsallake ta karnuka, wadda Turawa ke kira ajiliti, inda kare ke bin shingaye bi da bi da gudu mai shi na nuna masa hanya, ba rashin gudu ne ke kayar da sabon shiga ba. Karnukanmu na gida, masu dogayen ƙafafu da shafaffen ciki irin na mafarauta, gudu ba ya ba su wahala. Abin da ke kayar da su uku ne: kare ya ƙi jira a bakin farawa, ko ya diro daga kan katako tun bai kai ƙarshe ba, ko mai karen da kansa ya manta hanya. A kan waɗannan ya kamata makonni takwas na ƙarshe su ƙare.

An fara nuna wasan a Ingila a 1978, a bikin karnuka na Crufts. A yau ƙasashe da yawa, har da Faransa, suna bin dokokin hukumar karnuka ta duniya, FCI, kuma ma'aunanta za mu yi amfani da su a nan. Duk da haka ka nemi dokokin masu shirya gasar a rubuce, domin kowace ƙungiya tana da ɗan abin da ta ƙara ko ta rage.

Fara da awo. Tsayar da kare a kan daɓe, ka auna daga ƙasa zuwa doron kafaɗarsa. Ƙasa da santimita 35 ƙaramin aji ne, sandar tsallakensa santimita 25 zuwa 30. Daga 35 zuwa ƙasa da 43 matsakaici, sanda 35 zuwa 40. Daga 43 zuwa ƙasa da 48, sanda 45 zuwa 50. Daga 48 zuwa sama babban aji, sanda 55 zuwa 60. Sai shekaru: ba a shigar da kare gasa sai ya cika wata 18. Dalili kuwa gaɓoɓinsa ba sa gama ƙwari sai tsakanin wata 12 da 18, kuma ɗan kwikwiyon da aka sa yana dira daga sama tun yana wata bakwai, ɗingishi ne gadonsa. Kafin lokacin a ajiye masa sanda a ƙasa ya riƙa ƙetarewa kawai.

Katin allura shi ne takardar shigarsa. Allurar haukan kare ta farko ba a lissafa ta da aiki sai bayan kwana 21, saboda haka kada ka bari sai mako guda kafin gasa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Cutar nan ba tatsuniya ba ce a yankinmu, ita ta sa aka yi wa karnukan Injamena allurar gama-gari a 2012 da 2013. Idan za ka ƙetare gada daga Kusiri zuwa Injamena ko akasin haka, ka riƙe katin da takardar lafiya daga likitan dabbobi. A ba shi maganin tsutsar ciki, a kuma duba kaska a cikin kunne, ƙarƙashin wuya da tsakanin yatsu. Kaska tana sa ciwon da ke shanye jini, kuma alamar farko ita ce kare ya gaji da wuri, dasashinsa ya yi fari.

Kayan horo a gida

Ba sai ka sayo komai daga waje ba. Sandar tsallake bututun roba ne na masu aikin famfo, tsawon santimita 120 zuwa 130, kaurin santimita 3 zuwa 5. Sharaɗinta ɗaya: ta faɗi da zarar an taɓa ta. Kada ka ɗaure ta, kada ka yi ta da ƙarfe. Ka naɗa mata salatif mai launi biyu a wurare uku, fari da shuɗi misali, don kare ya gan ta a kan jar ƙasa.

Bututun ratsawa na gasa faɗin bakinsa santimita 60 ne, tsawonsa mita 3 zuwa 6. Durom na roba mai cin lita 200 ya yi kusa da wannan faɗin. A yanke kai da gindi, a goge bakin da sanfefa, a jera biyu ko uku, a tare gefensu da buhunan yashi don kada su gangara. Amma ka san abin da aka taɓa zubawa a ciki. Durom ɗin da ya ɗauki maganin feshin auduga ko na ciyawa ba ya wankuwa, a bar shi.

Katako ukun da ake hawa su ne masu tsada: gada mai tsayin santimita 120 zuwa 130, tudu mai siffar harafin A wanda ƙololuwarsa ke santimita 170, da lilo, wato allon da ke rinjaya gefen da aka taka, mai tsayin santimita 60 a tsakiya. Allon gada da na lilo faɗinsu santimita 30, tsawonsu mita 3.6 zuwa 3.8. Idan aljihu bai kai ba, sa kafinta ya yi maka allo ɗaya mai wannan ma'auni. Da shi kaɗai za ka koyar da kashi uku cikin huɗu na aikin. A gauraya fenti da yashi mai laushi da aka tankaɗe don kada ya yi santsi, a kuma shafa wa santimita 90 na kowane ƙarshe wani launi daban. A tudun A wannan yanki santimita 106 ne.

Yankin launi

Dole ƙafar kare ta taka wannan yanki mai launi kafin ya sauka. Idan ya tsallake shi, maki 5 na laifi. Kare mai zafin nama yana ganin ƙasa ta matso sai ya yi tsalle, kuma duk ranar da ka bar shi ya yi haka ka wuce gaba, ka koya masa cewa daidai ne.

Hanyar da ta fi sauƙi ga sabon shiga ita ce a koya masa tsayawa da ƙafafun gaba a ƙasa, na baya a kan allo. Shimfiɗa allon a ƙasa. Ajiye murfin roba taƙi ɗaya daga ƙarshensa, ka ɗora ɗan nama a kai. Kare ya bi allon, ya kai hanci ga murfin, ƙafafun bayansa na kan katako. A nan za ka ba shi lada, a ƙasa tsakanin ƙafafunsa, ba a sama daga hannunka ba. Idan lada daga sama take zuwa, zai riƙa ɗaga kai yana karkacewa gefe. Ka ba shi sau biyu ko uku yana tsaye, sannan ka furta kalmar sallama, "je ka". Bayan mako guda ɗora ƙarshen allon a kan bulo ɗaya, sannan biyu. A mako na uku cire naman daga murfin, a na huɗu cire murfin. Gwajin gaskiya shi ne ka wuce shi da gudu ba ka tsaya ba. Idan ya tsaya shi kaɗai, ya iya. Idan sai ka tsaya yake tsayawa, ƙafarka yake kallo, ba allon ba.

Lilo yana da nasa ƙarin: kada ya bar shi sai bakinsa ya taɓa ƙasa. Abin da karnuka ke tsoro shi ne ƙarar bugawar. Sa itace mai kaurin santimita 5 a ƙarƙashin tsakiyar allon, duk lokacin da ya taka ya yi ƙwas ka ba shi lada, har ƙarar ta zame masa albishir. Sannan a ƙara tsayi sannu-sannu.

Ladan kuwa, hanta ce dafaffa ba gishiri, a yanka kamar ƙwayar wake. Kilishi da tsire ba na kare ba ne, saboda yaji da albasa. Albasa tana lalata masa jini.

Sandunan saƙa

Sanduna 12 ne a tsaye a layi ɗaya da kare ke ratsa tsakaninsu dama da hagu, tsakanin kowace biyu santimita 60, tsayinsu mita ɗaya zuwa 1.2. Kare yana shiga ne sandar farko tana kafaɗarsa ta hagu, ko daga wane ɓangare ya taho. A gida, kafa guntayen rodi a ƙasa ka zura bututun roba a kansu, ka tabbata babu kan ƙarfen da ya fito.

Kada ka ja shi da nama a bakin hanci sanda bayan sanda. Karen da aka koyar haka hannu yake bi, ranar gasa kuwa ba nama a hannu. Maimakon haka raba sandunan layi biyu, shida dama shida hagu, ka bar lungu a tsakiya mai faɗin jikinsa. Ya ratsa lungun da gudu, ka jefa masa lada a gaba bayan sanda ta ƙarshe. Kowane kwana uku ko huɗu ka matso da layukan santimita 5. Wahalar tana santimita 10 na ƙarshe, inda dole ya fara lanƙwasa jiki. Idan ya fara fita a sanda ta goma, ka yi saurin matsewa ne, koma baya mataki ɗaya. Ka kuma saba masa kana dama, kana hagu. Sau biyar ko shida a zama ɗaya ya isa, domin saƙa tana cin kafaɗa da gadon baya.

Jira a bakin farawa ba ya buƙatar kaya ko ɗaya. Zaunar da shi mita 3 kafin sandar farko, ka yi taku biyar, ka dawo ka ba shi lada a inda yake. Cikin sau uku, sau biyu ka dawo, sau ɗaya ka sallame shi. Idan ya tashi kafin kalma, ba duka ba tsawa, a mayar da shi a sake. Kuma ka zaɓi harshe guda. A gidajenmu mai gida na cewa "zauna" da Hausa, yara na faɗa da Faransanci, mai gadi da Fulatanci ko Larabci. Kalmomi shida gajeru sun isa, haye, shiga, hau, saƙa, nan, je ka, kuma kowa a gidan ya riƙe su.

Zafi da ƙasa

Daga Maris zuwa Mayu, a Garwa, Marwa da Injamena zafi yana haura digiri 40. Kare ba ya gumi kamar mu, da haki yake huce jiki. Horo sai bayan asuba, da sanyin safiya ake kama fara, ko dab da magariba, minti 5 zuwa 10 kowane zama. Ɗora bayan hannunka a kan ƙasa ko katako ka ƙirga bakwai. Idan ba ka jure ba, tafin ƙafarsa ma ba zai jure ba. Idan harshensa ya yi tsawo da faɗi, yawu ya yi kauri, yana tangaɗi, a kai shi inuwa nan take, a kwarara masa ruwa mai sanyi a ciki da cinyoyi, a yi masa fifita, a garzaya wurin likitan dabbobi. Kada a ba shi maganin ciwon jiki na mutane, wasunsu guba ne gare shi.

A share fili daga ƙarangiya, tsidau da fasassun kwalabe. Yashi mai zurfi irin na bakin Binuwai yana gajiyar da jijiyoyi, siminti kuma yana dukan gaɓoɓi. Ƙasa mai ɗan laushi da aka yayyafa wa ruwa ta fi. A yanke masa farce mako guda kafin gasa, ba ana gobe ba.

A makonni biyu na ƙarshe ka fitar da shi daga gida. Karen da ya ƙware a tsakar gida yakan rikice idan ya ji lasifika, ya ga awaki da baƙin karnuka. Ɗauki sanda biyu ku je gefen filin ƙwallo, ku yi abu mafi sauƙi a can. Idan yana kai wa karnuka ko mutane hari, bai isa shiga gasa ba tukuna. Kwana biyu na ƙarshe hutu ne.

Ranar gasa

Ka tafi da katin allura, jarkar ruwa da kwanonsa, igiya, tabarma ko keji, abin yin inuwa, leda don kwashe kashi, da rigar canji idan daga fili masallaci za ka wuce. Abinci kaɗan, aƙalla awa uku kafin gudu. Ka sa takalmi mai igiya, ba silifa ba, kuma a ajiye babbar riga. Hannunta yana kaɗawa kare ya ɗauka nuni ne.

Hanyar tana da shingaye 15 zuwa 22 masu lamba, tsawonta mita 100 zuwa 220, kuma ba ka ganinta sai ranar. Za a ba ku 'yan mintoci ku zaga ba tare da karnuka ba. Zagaye na farko ka bi lambobi. Na biyu ka durƙusa a wurare biyu ko uku ka duba daga tsayin idon kare: in ya sauka daga sanda ta biyar, me zai fara gani? Sau da yawa bakin bututu ne da ba nasa ba, alƙali da gangan ya ajiye shi. Na uku ka tsara inda za ka sauya kare daga hannun dama zuwa hagu, ka gudu kamar yana tare da kai. Kare yana bin inda ƙirjinka da yatsun ƙafarka suka fuskanta fiye da abin da bakinka ke faɗa.

Minti goma kafin a kira ku, ku yi tafiya da sassarfa, ya yi fitsari da kashi, domin yin su a cikin fili kora ce. A dokar FCI kare yana gudu ba abin wuya, kai kuma ba komai a hannunka, ba nama ba ƙwallo. Kayar da sanda maki 5. Tirjewa ko wuce shinge maki 5, kuma tirjewa uku kora ce. Hawa shingen da ba shi ne na gaba ba, ko shiga bututu ta bakin da ba daidai ba, kora ce kai tsaye. Kowane daƙiƙa da kuka ƙara a kan lokacin da alƙali ya yanke maki ɗaya ne. Ka lura da lissafin: tsayuwar daƙiƙa biyu a yankin launi ba ta kai asarar maki 5 ba, saboda haka kada ɗokin jama'a ya sa ka sallame shi da wuri. Idan sanda ta faɗi, kada ka waiwaya, ci gaba. Idan an kore ku, ka kai shi ƙofar fita da fara'a, ka sa masa igiya, ka ba shi hantarsa a waje cikin 'yan daƙiƙu, sannan ku yi tafiyar minti biyar a inuwa kafin ya sha ruwa kaɗan-kaɗan.