Kurakuran da sabbin shugabanni ke ta maimaitawa, na gaji da gani

Da an ba mutum ma'aikata biyar ya jagoranta, abu na farko sai ya buga takarda ya manna a bangon ofis: gaskiya, riƙon amana, mutunta juna. To madalla. Kamfanin Enron na Amurka ma yana da irin tasa, har cikin rahoton shekara ya rubuta gaskiya da mutunta mutane, amma a Disamban 2001 ya durƙushe saboda ƙaryar lissafi, dubban ma'aikata suka koma gida. Mutanenka kai suke kallo, wa ka hukunta, wa ka ƙyale.

Kuskuren da ya fi ci min rai shi ne ajiye shafaffe da mai. Kowane wurin aiki akwai shi, gwani ne, aiki na fita a hannunsa, amma sai ya ga dama zai zo mitin, ya yi wa na ƙasa da shi magana gatsal a gaban kowa, kai kuma oga ka kau da kai wai kar ya yi fushi ya tafi. Na taɓa riƙe irinsa, wallahi ban farga ba sai da masu haƙurin nan da ba sa ƙorafi suka fara ajiye aiki ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya faɗi dalili, kowa sai ya ce ya samu wani wuri ne, shi kuma gwanin daga baya ya tattara ya tafi abinsa. Haba malam, ka yanke wa ƙaramin ma'aikaci albashi kan lattin minti goma, wancan ya yi awa guda ka tarbe shi da murmushi, sannan ka zo kana mana huɗubar adalci? Ni yanzu kiransa nake mu biyu, in faɗa masa abin da ya yi da ranar da ya yi shi, in gaya masa abin da zai biyo baya in ya sake. In ya sake kuwa sai in cika, ko da a tsakiyar aiki muke.

Na biyu, aikin "mu duka za mu yi". An tashi mitin kowa ya gyaɗa kai, mako ya zagayo ba a taɓa ba. Tun 1913 wani injiniya ɗan Faransa, Ringelmann, ya wallafa gwajin jan igiya da ya nuna in mutane suka ƙaru kowa rage ƙarfinsa yake yi. Ba na bari a tashi sai kowane aiki ya samu suna ɗaya da rana ɗaya, har nawa aikin, kuma da nawan ake fara bita a zama na gaba.

Sai masu balbale wanda ya kawo mummunan labari. Ka yi masa tsawa yau, gobe rufa-rufa za ka samu. Amy Edmondson ta jami'ar Harvard da ta yi bincike a asibitoci ta tarar rukunan da suka fi haɗin kai su suka fi kai rahoton kuskure, don ba sa tsoron faɗa. A masana'antun Toyota ma ƙaramin ma'aikaci na da ikon jan igiyar faɗakarwa in ya ga matsala, ko da hakan zai tsayar da layin haɗa mota gaba ɗaya. Kai naka ko tari ya yi sai ka harare shi.

Sauran ƙanana ne amma suna taruwa. Yi wa mutum faɗa a guruf ɗin WhatsApp, bari, kira shi gefe. Kai aikin yaranka gaban manya ka ce "na yi", ambaci sunayensu mana. Ɗaukar abokinka aiki don kuna shiri alhali ba za ka iya ce masa ya yi ba daidai ba. Sai tara laifin mutum shiru har ƙarshen shekara ka zazzage masa lokaci guda, abin da ya faru a Maris a faɗe shi a Maris.