Darasi na 9: Ruwan da Ake Fesa wa Ciyawa a Gidajen Yamai

Karatu

Da yawa daga cikin ƴan ajin nan masu gadi ne ko masu kula da shuke-shuke a manyan gidajen Plateau da Kwara Kano, don haka kun san na'urar fesa wa ciyawa ruwa. An binne tiyo a ƙasa, an jera kawunan feshi a gefen ciyawar ado, wato gazon, an maƙala ɗan akwati mai agogo a bango. Lokaci na cika sai kawunan su leƙo su kama juyi suna tsartuwa, ba wanda ya taɓa famfo.

Aibin agogon shi ne ba ya duban sama. Ko an kwana ana ruwa kamar da bakin ƙwarya, gari na wayewa zai buɗe. In mota ta taka kai guda ya karkace, katanga za a yi ta wankewa wata da watanni, ruwa ya bi ta ƙarƙashin ƙofa ya kwanta a titi, sauro ya samu wurin haihuwa. In an sa shi ƙarfe ɗaya na rana, iska da zafi su kwashe rabonsu tun bai sauka ba.

Kuma ruwan sha ne. Daga kogin Isa, wato kogin Neja, ake janyo shi, a tace a tashoshin Gudel da Yantala, a sa magani, a turo da lantarki. Kogin ma ba kullum yake cike ba: dattawa na tune da 1985, shekarar da ya daina gudu a Yamai. A Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, mata a unguwannin gefen gari kan raba dare suna gadin famfo, ko su jira mai garuwa.

Lissafi

Riƙe wannan ƙa'ida: ruwa mai zurfin milimita 1 a kan murabba'in mita 1, lita 1 ne.

A ce filin gazon yana da tsawon mita 10 da faɗin mita 10. Murabba'in mita 100 ke nan. A tsakiyar bazara irin wannan ciyawa kan sha wajen milimita 7 a rana.

100 × 7 = lita 700
700 ÷ 25 (litar da jarka ɗaya ke ɗauka) = jarka 28

Jarka 28 kowace rana, ga ciyawar da ba a ci, ba a kuma bai wa akuya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum na buƙatar aƙalla lita 50 a rana don sha da girki da wanka da wanki. Ke nan wannan ɗan fili ya sha rabon mutum 14. Ruwan saman da Yamai ke samu a shekara yakan kai milimita 500 zuwa 600. Da shi za a ba ciyawar a bazara, ba zai kai ta wata 3 ba. Wannan fa in an ba ta daidai buƙatarta ne. Inda agogo ke buɗewa safe da rana da yamma, sai ka ninka.

Gwaji da gwangwani

Ido ba ya auna ruwa. Nemo gwangwanayen tumatir guda 5 iri ɗaya, ka wanke. Ajiye ɗaya kusa da kan feshi, ɗaya a tsakiyar fili, sauran a kusurwoyi. Buɗe na'ura minti 15, ka rufe. Tsoma rula cikin kowanne ka rubuta lambar a littafinka.

In ka ga kamar milimita 7 a yawancinsu, minti 15 sun ishi ciyawar a yini, duk abin da ya ɗaru a kai ɓarna ne. Ƙasar Yamai rairayi ce a wurare da yawa, rarar ruwa zurarewa take ta wuce saiwa. In gwangwani ɗaya ya kusa cika wani kuma ƙaƙas, kada ka ƙara minti. Kai guda ne ya toshe da yashi ko ya karkace. Kwance shi ka wanke, ka daidaita.

Sai ma'aunin ruwa, kontar da ke bakin ƙofa. Baƙaƙen lambobi kubik suke ƙirgawa, kubik 1 lita 1,000 ne, jarka 40, kuma da su ake lissafa takardar kuɗin da kamfanin ruwa na NDE ke kawowa. Jajayen su ne ƙananan. Rufe duk famfunan gida, ka rubuta lambobin, ka dawo bayan awa guda. In sun motsa, tiyo na yoyo a wani wuri. Duba inda ciyawa ta fi duhu ko ƙasa ke lumewa in an taka.

Gyara

A mai da agogo bayan sallar asuba, kafin iska ta tashi. Da damina a kashe shi ɗungurungum, sai in an yi fari na kwanaki. Kada a aske ciyawa ƙwal. A bar mata tsawon yatsu huɗu ta yi wa saiwarta inuwa.

Abin da ya fi, a ganina, a rage filin. A bar inda yara ke wasa, sauran a shuka abin da ya san ƙasar nan: zogale, magarya, lalle a jikin katanga, dogonyaro don inuwa. Mutanen Tawa da suka saba haƙa tassa a gona sun san dabarar: a yi wa kowace shuka ɗan gurbi, a zuba taki, ruwa ya tsaya a gindinta. A rufe gurbin da busasshen ganye, amma a bar tazarar tafin hannu daga jikin itace saboda gara. Ga sabon dashe, a binne tulun ƙasa har wuya kusa da shi, a cika, a rufe baki. Tulun zai riƙa tsattsafowa a hankali. Ruwan alwala da na wankin shinkafa duk na bishiya ne, ban da mai omo ko jabel.

Magana da masu gida

Agogon ba naka ba ne, kada ka taɓa sai da izini. Je da littafinka.

"Hajiya, ranki ya daɗe, na auna ruwan gazon. Minti 15 sun isa, mu kuwa 40 muke yi."

"To Malam, ba za ta bushe ba?"

"A gwada wata guda, ranki ya daɗe. In ta canza launi sai a ƙara. Ga lambar kontar ta yau na rubuta."

Aikin gida

Auna tsawo da faɗin filin da kake kula da shi, ka fitar da jarka nawa yake sha a rana. Wanda ba ya aiki a gida mai gazon ya rubuta lambar kontar gidansu yau da kuma ranar Juma'a, ya ɗebe ƙaramar daga babbar, ya zo da amsar aji.