Rauta Ɗaya, Gida Guda: Inda Ake Tafka Kuskure a Rabon Data

A manyan gidajen cikin Katsina, irin na Ƙofar Ƙaura da Rafin Daɗi, an saba yanzu 'yan'uwa su yi karo-karo su sayi rauta ɗaya, wato na'urar da ke raba intanet ta waifai, kowane sashe ya ja. Tun da hukumar kula da sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025, dabarar ta ƙara ma'ana. Sai dai kafin wata ya raba data ta ƙare, a fara kallon-kallo.

Babban kuskure shi ne ɗora laifi kan wanda aka fi gani riƙe da waya. A gidanmu ƙanena aka sa wa ido, har Yaya ya ce da shi, “Auta, kai da TikTok ɗin nan za ku talauta mu.” Da muka bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya, muka duba abin da kowace manhaja ta ci, sai ga wayar Hajiya a gaba, ita da ko sallama ba ta cika amsawa a WhatsApp ba. Ashe duk bidiyon biki da na wa'azi da aka turo zaurukan da take ciki wayar na sauke shi da kanta, sannan Google Photos ya kwashe ya loda sama. Waya dai da ta ga waifai sai ta ɗauka kyauta ce. Maganin ba wuya: a kashe saukewa ta kai-tsaye a WhatsApp, a hana Play Store sabunta manhajoji sai an ba shi izini, a shiga saitin waifai na Android a nuna masa layin na awo ne, wato datarsa ƙayyadadda ce. Kwamfuta mai Windows ma tana da wannan maɓalli, kuma ita ce ta fi ɓarna idan ta tashi sabunta kanta.

Sai bidiyo. Netflix da kansu sun ce kallon awa ɗaya a HD na iya cin giga 3, a 4K har 7. A allon waya ɗan tafin hannu, ƙaramin ingancin hoto na 480p ya wadatar.

Kalmar sirri kuwa, ba wa mutum ɗaya tamkar ba wa unguwa ne, domin Android na fito da ita a lambar QR, aboki ya ɗauka a sakan biyu. Wasu kan toshe baƙuwar waya a shafin rauta, gobe ta dawo, saboda wayoyin yanzu suna iya sauya lambar shaidarsu. Gara a canja kalmar gaba ɗaya, a buɗe wa baƙin zaure layinsu daban idan rautar na da shi. Shi ma shafin rautar, wanda adireshinsa ke manne a gindinta, kamar 192.168.0.1, kada a bar shi da mabuɗin da ya zo da shi.

Wani abin da ke ba ni takaici shi ne ajiye rauta a ɗakin wanda ya fi zuba kuɗi, bayan talabijin. Wayar da ke can ƙuryar gida da sanda ɗaya tana ɗaukar dogon lokaci kafin ta karɓi saƙonta, kowa kuma ya jira ta. A ɗaga rautar sama, a tsakiyar gida, kusa da taga, nesa da kwanon rufi, don zafin Afrilu na sa ta sanɗa. Idan rautar na fitar da waifai kashi biyu, na kusa su hau na 5GHz, na bayan katanga su zauna a na 2.4GHz.

Idan rautarku na da QoS, wato saitin da ke ba wata waya fifiko a kan wata, kada ku raba gudu daidai wa daida. Ɗalibar Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da ke darasi a Zoom ba data mai yawa take nema ba, layin da ba ya yankewa take so, sai a sa ta gaba. Mai sauke fina-finai ya bari sai bayan Isha'i, in KEDCO sun bar wuta.